Na Ga Hanjinta

Ni ne Nomau mai gyaran rediyo,
rumfata na bakin tashar Jega,
inda hayaƙin dalma ke cin ido,
warin albasa na leƙowa ta taga.

Ran Laraba, an idar da isha'i,
yaron gidan kallon ƙwallo ya zo da haki:
"Ɗauko sukundireba da tocila,
ɗaya ta haɗiye kwandala, ta ƙi aiki."

Bayan labulen buhu, can ƙurya,
su uku ne jere kamar 'yan biki:
ja, shuɗiya, da mai ruwan ɗorawa,
lemo da kankana na juyi a ciki,
ƙararrawa, tauraro, bakwai uku.

Na kwance ƙusa takwas, na buɗe bayanta.
Ba aljani, ba rabo, ba sa'a.
Koren allo ne, faɗin tafin hannu,
ƙura, da gawar kyankyaso ɗaya,
da 'yan maɓallai kamar ƙwayar shinkafa
inda mai gida ke yanka abin da za ta mayar:
ɗari in ta shiga, saba'in ta fita,
talatin ta kwana a gida.

Arzika mai dakon albasa ya dafa ni,
gumin buhu ashirin bai bushe masa ba:
"Kai da ka ga hanjinta, faɗa mini,
wacce zan bi? Ja ɗin nan ba ta haihu ba
tun Litinin. Cikinta ya tsufa.
Yau ko gobe, ba za ta wuce ba."

Na ce, Arzika, ba akuya ba ce.
Ba ta da jiya, ba ta san Litinin ba.
Kowane juyi sabon jariri ne,
bai san uban da ya yi asara ba.

Ja ɗin tana ba ka kaɗan, akai-akai,
tulu ne mai tsaga a gindi:
kana ɗurawa, kana jin sanyin ruwa,
ba ka ga ƙasa tana sha ba.

Shuɗiya kuwa rowa gare ta,
sai ta yi wata ba ta yi tari ba,
ran da ta amayar wa Labbo direba
har Aliero an ji labari.
Wa ya ƙirga waɗanda suka ciyar da ita
suka tafi gida ba su sayi gari ba?

Mai ruwan ɗorawa maroƙiya ce:
ka sa ɗari, ta ba ka arba'in,
ta buga maka kiɗa, ta kunna fitilu,
ka yi murmushi, an ci sittin.
In bakwai biyu suka tsaya, na uku ya leƙo,
ba kusa ka yi ba, ƙugiya ce,
haka masunta ke wa rajiya.

In ka nace sai ka zaɓa,
zaɓi kuɗin da ka riga ka yi wa sallama,
ka bar na cefane a aljihun wani.
In ka fi ƙarfin zuciyarka, zaɓi ƙofa,
ita kaɗai ce nan ba ta cin talatin.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Allah ya saka."
Ya tsaya har na ɗaure ƙusa ta takwas,
ya shafa ja ɗin kamar goshin doki,
ya ciro kuɗin buhu ashirin.

Mai gida ya biya ni ladan gyara,
ya ƙara mini kwandala biyar, wai goro.
Suna da ɗumi. Na san daga inda suka fito.
Na rufe jaka, na kai bakin labule,
ni da na ga allon, na ga kyankyason,

sai ga ni tsaye gaban shuɗiya,
ina lissafin rabonta da tari.